Tarihin da Ke Bakin Dattawa: Yadda Aka Tattara Shi Jiya da Abin da Ya Rage Mana

Babu shekarar da za ta zagayo ba mu ɗebo jiki daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas mun nufi gida gaisuwar rasuwar wani dattijo ko wata dattijuwa ba. Mukan yi addu'a, mu ba da abin sadaka, daga baya a raba gado, gona ta faɗa wa wane, gida ya faɗa wa wance. Amma akwai wata dukiya da ba a taɓa kawo ta wurin rabon gado ba, ita ce abin da mamacin ya gani da idonsa da abin da ya ji daga bakin kakanninsa. Wannan kam tare da shi ake rufe ta. Wanda yake ɗan shekara goma sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, yau ya ba saba'in baya, waɗanda kuwa suka biya haraji da hannunsu a zamanin En'e ana iya ƙidaya su da yatsu a kowace unguwa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda aka yi ta tattara tarihin baka a ƙasar Hausa, wa ya tattara, wa aka tambaya, wa kuma aka tsallake, domin in mun tashi yin na garinmu kada mu fara kamar ba a taɓa yi ba.

Daga bakin maroƙi zuwa takarda

Mutane da yawa suna ɗaukar rubutaccen tarihi da na baka kamar kishiyoyi, alhali kuwa uwa da ɗiya ne. Shahararren littafin nan na Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, kuma H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Duk wanda ya karanta shi da natsuwa zai ji muryar maroƙa da makaɗan fada a cikinsa, domin cike yake da kirarin sarakuna da na jarumawansu. Wato wani ne ya zauna ya saurara, sa'an nan ya ɗauki alƙalami. Sai dai idonsa a fada yake. Ya san wanda ya ci sarauta da wanda ya fita yaƙi, amma bai damu da wanda ya haƙa rijiyar unguwa ba.

Ɗaya daga cikin talakawan Hausawa na farko da aka rubuta labarin rayuwarsu daga bakinsu shi ne Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta tun yana ƙarami. Bajamushe Adolf Overweg ne ya 'yanta shi a Borno, ya bi Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, har Tambutu, kuma a 1855 ya tafi da shi Ingila. A can ya ba J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Abin da Schön yake nema shi ne nahawu da kalmomi, amma sai ga shi ya bar mana shaidar yadda yaro yake ji ranar da aka raba shi da iyayensa. Dorugu ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai tattarawa ta zama aikin hukuma. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, mafi yawansa kuwa malamai ne suka rubuto da ajami, sunan Baturen ne dai a bango. A ƙasar Gwanja, Imam Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich labaran garuruwa da sana'o'in ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1930 kuma Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Amma abin da ya fi shafar ƙananan garuruwa irin namu shi ne rahoton ƙididdigar haraji da littafin gunduma da kowane Di'o yake ajiyewa. Yawancin waɗannan takardu suna Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, kuma sau da yawa su ne rubutu mafi tsufa da za a samu a kan ƙauye. Ɗalibanmu sukan je su kwafo su, su ce ga tarihin garinmu Bature ya rubuta, ba ƙarya. A nan ne ya kamata a yi hattara. Mu tuna yadda aka yi zaman. Bature yana kan kujera a barikin saukar baƙi, hakimi yana gefe, dagatai suna gurfane, tafinta yana tsakani, kowa kuma ya san cewa abin da aka faɗa yau shi zai yanke yawan harajin baɗi, shi zai tabbatar da wane gida ne gidan sarauta, wane ƙauye ne zai bi wane. Wa zai buɗe baki a gaban hakimi ya ce kakansa ne ya sari garin kafin zuwan kakan hakimi? Wane Bafillace zai faɗi gaskiyar yawan shanunsa ga mai karɓar jangali? Takardar ta tsufa har ta yi ja, amma tsufa ba ya wanke maganar da aka faɗa cikin tsoro ko kwaɗayi. Ita ma tarihin baka ce, sai dai an ɗauke ta a mafi munin yanayi.

Da ilmin boko ya kama ƙasa, 'yan gida suka fara rubuta nasu. Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi sun tattara tarihi da al'adun tsohuwar Abuja, wadda ita ce Suleja ta yau, aka buga fassarar Turancinsa a 1952. Alhaji Abubakar Dokaji ya fitar da Kano Ta Dabo Cigari a 1958. Waɗannan su ne magabatanmu a wannan aiki, kuma sun nuna cewa ba sai baƙo ya zo ba.

Tsohuwa guda a Giwa

In da za a ce mu zaɓi aiki guda mu ce a yi koyi da shi, da mun zaɓi na wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba. A ƙarshen 1949 M. G. Smith, masani ɗan ƙasar Jamaika, yana bincike a ƙasar Zazzau. Da yake namiji ne, iyakarsa zaure. Matarsa Mary Smith ce take shiga cikin gida, kuma a Giwa ta haɗu da Baba, mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877, zuriyar Barebari. Suka shaƙu, har Baba ta yarda ta ba ta labarin rayuwarta. Sun yi kimanin mako shida suna zama, daga Nuwamba 1949 zuwa Janairu 1950, a Giwa da Zariya, Baba tana faɗa, Mary tana rubutawa da hannu. Littafin ya fito da Turanci a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo. Baba ba ta gan shi ba, ta rasu a 1951. Da an ce sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, da shi ke nan.

Me ke cikinsa? Abin da babu shi a littafin Di'o, babu shi a kirarin fada. Ta faɗi yadda rinjin gidansu yake, yadda bayi suke noma gandu su kuma yi nasu gayauna, da yadda 'ya'yan bayi da 'ya'yan gida suke tashi tare. Ta faɗi yadda mahara suke faɗa wa ƙauye su kwashe mata da yara, da yadda ake tara wuri a je fanso. Ta faɗi zuwan Turawa kamar yadda matan ƙauye suka gan shi, da yadda bayi suka watse bayan haka. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan 'yan'uwa, ta zama ungozoma, don haka ta san sirrin aure da saki da zaman kishi da ƙawance da biki da bori, ta kuma faɗe su ba tare da kwana-kwana ba. Yau babu jami'ar da ake nazarin rayuwar Hausawa da ba a san sunanta ba, alhali hakimai da yawa na zamaninta, masu algaita da zagage, sai a jerin sunaye kawai ake tuna su.

Akwai dalilan da suka sa wannan aiki ya yi kyau, kuma babu na kuɗi a cikinsu. Mace ce ta tambayi mace. An saba kafin a fara. An bar ta ta bi zaren maganarta, in ta ratse a bar ta ta ratse, domin sau da yawa a ratsen ne zinariyar take. An kuma koma mata kullum, ba zama guda aka yi aka kaɗe riga ba. Mu da muke zuwa gida ran jajibere mu juya kashegarin hawan salla, sai mu tambayi kanmu ko irin wannan zuwa zai iya buɗe bakin tsohuwa.

Zamanin rikoda

Bayan mulkin kai jami'o'i suka karɓi aikin. Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci Shirin Binciken Tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1960, ya kuma kafa Arewa House a Kaduna a 1970. Daga wannan makaranta marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya fito, wanda ya zagaya garuruwan ƙasar Katsina yana zama da dattawa, littafinsa kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981. Babban abin da ya koya wa ɗalibai shi ne a tuhumi kowace majiya, ta baka ce ko ta takarda, ta Bature ce ko ta malami: wa ya faɗa, a gaban wa, me yake nema? A ƙetaren iyaka, an buɗe cibiyar tattara al'adun baka a Yamai a 1968 da taimakon UNESCO, wadda yanzu ake kira CELHTO, a ƙarƙashin Tarayyar Afirka.

A 1975 da 1976 Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka shirya wani aiki da ya tura matasa da rikoda cikin ƙasar Kano da Zazzau su tambayi tsofaffi game da noma da fatauci da gandaye da bauta. Cikin matasan akwai Yusufu Yunusa, wanda ya yi hira da mutanen Fanisau, garin ribaɗi da gandayen sarki a kusa da Kano. Waɗanda ya tarar a lokacin sun ga ƙarshen wancan zamani da idonsu, ko sun ji daga iyayen da suka yi shi. Bayan shekara talatin da 'yan kai, Muhammad Bashir Salau ya dogara ƙwarai da waɗannan kasakasai ya rubuta littafi sukutum a kan Fanisau, aka buga a 2011. Duk tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya, amma muryarsu ta yi magana, saboda wani ya ɗauka, wani ya rubuta suna da rana a jikin kaset, wani kuma ya ajiye.

Abin da za mu tarar in mun shiga

Abu na farko da zai ba matashi ɗan boko wuya shi ne shekara. Kada a tambayi tsoho a wace shekara aka yi kaza, domin don ya faranta maka rai zai ba ka lamba, lambar kuwa ba ta da tushe. Mutanenmu da aukuwa suke lissafi. A sassa da dama ana tuna yunwar 1913 zuwa 1914 da sunan Kakalaba, ta 1927 da 'Yar Buhu, ta 1942 da 'Yar Gusau, ko da yake suna yakan bambanta daga gari zuwa gari. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina, ya yi amfani da irin waɗannan sunaye a littafinsa na 1983 kan tarihin yunwa a Arewa. Akwai isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942, da dawowar sojan Bama, da kafa NEPU a 1950, da kisan Sardauna a Janairun 1966, da canjin hannu a 1972, da shigowar naira a 1973 wadda ta zo tare da babban fari. Saboda haka aikin farko shi ne a zauna da dattawa a tsara jerin aukuwar garinmu, har da gobarar kasuwa da shekarar fara da naɗin kowane dagaci, a daidaita shi da waɗannan sanannun shekaru. Daga nan sai a riƙa tambaya: lokacin kina budurwa ko kin yi aure? Kafin Sardauna ko bayansa?

Na biyu, tarihi ba shi da baki ɗaya. Wanda ya ji labarin jihadi a birnin Katsina bai gama ji ba sai ya je Maraɗi, inda zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa gari. Haka Zariya da Suleja suke, haka Sabon Birni da Tsibiri. Abin da ya faru tsakanin manyan birane yana faruwa tsakanin unguwa da unguwa. Gidan da ke riƙe da sarauta yana da nasa labarin kafuwar gari, gidan da aka karɓe daga hannunsa yana da nasa, maƙera da masunta da Fulanin da ke bayan gari kowa da nasa. Ba aikinmu ba ne mu zama alƙalai. A ɗauki kowanne, a rubuta cewa wane ne ya faɗa, a ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Ranar da aka ji cewa ƙungiya tana tattara hujjar neman gunduma ko ta rikicin iyakar gona, daga ranar an daina gaya mana tarihi, sai shari'a. Muna ganin ma ya fi kyau a ware wannan aiki daga duk wani kwamiti da ke da hannu a maganar sarauta.

Akwai kuma wata cuta sabuwa da Mary Smith ba ta sha fama da ita kamar yadda za mu sha ba. Dattijon yau ya shekara hamsin da rediyo a kunne, jikokinsa sun karanta masa littattafan makaranta. In ka tambaye shi asalin gari, sai ya ba ka labarin Bayajida kamar yadda yake a littafin firamare, ko ya ce kakanninsu daga gabas suka zo, kamar yadda kusan kowane gari yake faɗa. Ba ƙarya yake yi ba, ruwa ne ya haɗu da ruwa. Maganinta tambaya guda: Baba, wannan daga bakin wa kuka ji? Kuma abin da ya gani da idonsa ya fi abin da aka ce an yi shekara ɗari biyar daraja a wurinmu. A tambaye shi yadda ake awon gyaɗa, da abin da ɗan kamasho yake yi da sikeli, da nawa ya biya sadaki, da hanyar da suke bi zuwa cin rani, da wanda ya tafi Makka a ƙasa ya zauna a Sudan bai dawo ba, da yadda aka kama yara zuwa makarantar boko iyaye suna ɓoye su a rumbu.

Sai maganar kunya da sirri, wadda ita ce mafi nauyi. Tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai a nemi wata a gefe ta cike gurbin. Suruki ba zai saki jiki a gaban surukinsa ba, amma jika yana iya tambayar kakarsa abin da ɗanta ba zai iya ba, saboda wasan da ke tsakaninsu. Wannan dama ce babba, domin 'ya'yanmu da aka haifa a birni, waɗanda Hausarsu ta fara gurguncewa, su ne suka fi dacewa da riƙe na'urar, kuma su ne suka fi bukatar abin da za su ji. 'Yan mata su shiga wurin mata. Game da asalin bauta kuwa, kowa ya san cewa har gobe magana ce da take iya ɓata aure. Ba za a ce a share ta ba, don in an share ta an share rabin tarihin noma da sana'a. Amma wanda ya faɗi asalin gidansa da bakinsa daban yake da wanda ya faɗi na maƙwabcinsa. A nemi izinin kowa a farkon ɗauka, da muryarsa, a gaya masa inda maganar za ta je, in ya ce a rufe wani sashe sai bayan ransa, a rufe. Kuma kada a ga guntun hirar tsoho yana yawo a WhatsApp ana dariya.

Ba mu da uzurin kayan aiki. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi rikodar 1975 ɗaukar murya nesa ba kusa ba. Inda muke da rauni shi ne ajiya. Kaset yakan yi shekara arba'in a akwati in zafi da laima ba su ci shi ba, amma waya takan faɗa ruwa ko a sace ta a tasha, ta tafi da muryar da ba za a sake samu ba. Ga kuma abin da magabatanmu a wannan aiki ba su yi zato ba: tun daga shekarun 2010 rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna, tsofaffinsu suna zaune a gidajen 'yan'uwa a birane, nesa da kukar da rijiyar da makabartar da suke nunawa in suna ba da labari. Wasu daga cikinsu a ɗakunanmu suke kwana. Waɗannan ba sai an jira salla ba, ba sai an nemi kuɗin mota ba.

Kowace hira a fara ta da faɗin sunan mai magana da na mahaifinsa da unguwarsa da sana'arsa, da wurin da aka yi ta da kwanan wata, da sunan duk wanda yake zaune a wurin, domin wanda ke zaune yana sauya abin da ake faɗa. A juyar da ita zuwa rubutu da Hausar da aka yi ta, in Sakkwatanci ne a bar shi Sakkwatanci, kada a gyara wa tsoho harshe. Sa'a guda ta magana takan ci sa'o'i da dama wajen rubutawa, don haka in akwai inda kuɗin ƙungiya zai shiga, to nan ne, a biya malaman makarantarmu da ɗalibanmu na jami'a su yi shi lokacin hutu. Sa'an nan a yi kwafi uku: ɗaya a bai wa iyalan mai maganar, ɗaya ya zauna a gida wurin da aka amince da shi, ɗaya kuma a kai Arewa House ko hukumar tarihi da al'adu ta jiha, a karɓo takardar shaidar an ajiye.